Haɗa wa ɗan kwikwiyo busasshen abinci da ɗanyen nama: tambayoyi da amsoshi

Yawancin masu aiko mini da waɗannan tambayoyi mutane ne da suka sayi ɗan kwikwiyon babban jinsi don gadin gida, irin su Boerboel, Rottweiler, Kokeshiyan ko Alseshiyan, sai suka tarar buhun abincinsa yana cinye aljihu, ga kuma kwata nan kusa da gida inda ake samun nama da kayan ciki da araha. Na tattara amsoshin a wuri ɗaya. Wanda ɗan kwikwiyonsa ke kwance ba lafiya kuwa, ya bar karatu ya nufi wurin likitan dabbobi.

Malam, wai gaskiya ne ba a haɗa busasshen abinci da ɗanyen nama a kwano ɗaya?

Wannan magana ta yaɗu sosai a intanet. Masu faɗinta suna cewa busasshen abinci yana daɗewa kafin ya narke, ɗanyen nama kuma yana saurin narkewa, don haka in aka haɗa su naman zai tsaya a ciki ya ruɓe. Babu wani ingantaccen bincike da ya tabbatar da haka. Cikin kare ba ya tankaɗe abinci ya ware wannan da wancan. Karnukan mafarautanmu sun yi shekara da shekaru suna lashe ragowar tuwon dawa su ɗora da kayan cikin zomo a zama ɗaya, ba wanda ya ji cikinsu ya rikice saboda haɗin.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abubuwa biyu ne ke ba ni tsoro game da ɗanyen nama a kwanon ɗan kwikwiyo: ƙashinsa da ke kan girma, da ƙwayoyin cutar da naman ke shigowa da su gida. Na farkon shi ne wanda mutane ba su cika sani ba.

Me ya haɗa nama da ƙashin ɗan kwikwiyo?

Ƙashi da sinadarai biyu ake gina shi, kalsiyam da fosfaras, kuma dole su shiga jiki kusan daidai wa daida, kalsiyam ya ɗan fi yawa, wajen 1.2 a kan kowane 1 na fosfaras. Busasshen abincin da aka yi domin 'yan kwikwiyo an riga an auna masa wannan. Tsokar nama kuwa a juye take. Giram 100 na tsokar naman shanu yana ɗauke da fosfaras kusan miligiram 200, kalsiyam kuma wajen miligiram 10 kacal. Hanta, zuciya da ƙoda duk haka suke.

To in ka cire rabin abincin buhu ka cike gurbin da tsoka, ka rage masa kalsiyam kusan da rabi, fosfaras kuma yana nan yana kwarara. Jiki ba ya yarda kalsiyam ɗin da ke cikin jini ya yi ƙasa, domin zuciya da jijiyoyi na buƙatarsa, sai ya koma yana tatso shi daga ƙashi. Babban kare zai iya ɗaukar wannan na wani lokaci. Ɗan kwikwiyon da ke ƙara nauyi kowane mako ba zai iya ba.

Na taɓa gani da idona a gidan wani maƙwabcina. Boerboel ne ɗan wata huɗu, mai gidan yana ji da shi, kullum da safe sai an kawo masa tsoka da zuciya daga wurin mahauci, abincin buhu kuwa sai ɗan barbaɗe. Gashinsa na sheƙi, jikinsa luwai-luwai, kowa ya gani sai ya yaba. Amma in ya tashi tsaye ƙafafun gaba sun gwame, tafin ƙafarsa ya baje a ƙasa, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Wata rana ya diro daga kan dakalin ƙofar gida, tsayin da bai kai gwiwar mutum ba, ƙafar baya ta karye. Da aka ɗauki hoton ƙashin, bangonsa ya yi siriri kamar ɓawon ƙwai. Mai gidan ya yi ta mamaki, yana cewa ai nama yake ba shi, ba dusa ba.

To ai sai in riƙa zuba masa garin ƙashi ko ƙwayar kalsiyam, ko ba haka ba?

A'a, kada garin neman gira a rasa ido. Babban kare in kalsiyam ya yi yawa a abincinsa, hanjinsa yana rage abin da yake zuƙa. Ɗan kwikwiyo da bai kai wata shida ba bai iya wannan ba tukuna, abin da aka zuba masa shi yake kwasa. Binciken da aka yi a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan a kan 'yan kwikwiyon Great Dane, wani ƙaton jinsin kare, ya nuna cewa yawan kalsiyam yana lalata guringuntsin gaɓoɓi, yana kuma karkatar da ƙasusuwan ƙafa. Wato rashi yana gwame ƙafa, yawa ma yana gwame ta.

Saboda haka ne ƙungiyar AAFCO ta Amurka mai tsara ƙa'idar abincin dabbobi, wadda ma'auninta ne kamfanoni da yawa ke bi, ta sa iyaka sama da ƙasa. Abincin ɗan kwikwiyo kada kalsiyam ɗinsa ya gaza kashi 1.2 cikin 100 na abincin in an cire ruwansa, kuma ga jinsin da zai kai kilo 32 ko fiye in ya girma, kada ya wuce kashi 1.8. Dubi ƙanƙantar tazarar. Ba abin da mutum zai cimma da cokali da ƙiyasin ido ba ne. Ɗan kwikwiyon da ke cin cikakken abincin buhu ba ya buƙatar ƙarin kalsiyam ko kaɗan, ko da mai sayar da magani ya rantse maka cewa yana ƙara girma.

Nawa ke nan zan iya ba shi ba tare da na ɓata ma'aunin ba?

Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa ita ce, duk abin da ba cikakken abinci ba ne kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da karen ke samu a yini. A lura, kuzari aka ce, ba nauyi ba, domin busasshen abinci ruwan da ke cikinsa wajen kashi 10 ne, ɗanyen nama kuwa wajen kashi 70 ruwa ne.

Ga lissafi. A ce ɗan kwikwiyonka yana cin giram 300 na abincin buhu a rana. Wannan ya kai kalori 1,100 ko kusa da haka, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin abinci. Kashi 10 ɗinsa kalori 110 ne, wato tsoka mara kitse kimanin giram 60 zuwa 70, kamar nauyin ƙwan kaza babba guda. Sai ka rage giram 30 daga busasshen, ka raba naman a kan cin da yake yi a yini. Na san mai kare zai raina wannan. Amma ya isa ya sa ɗan kwikwiyo mai tsirfa ya cinye kwanonsa tas, kuma ƙashinsa bai ji a jikinsa ba.

Ni fa rabi da rabi nake so in yi.

Ana iya yi, da sharaɗi ɗaya: shi ma ɗanyen rabin ya zama cikakken abinci a karan kansa, wanda aka tsara domin mai girma. In kowane ɓangare cikakke ne, ka haɗa su yadda ka ga dama.

Wahalar tana wajen samun sa. Tun da wani likitan dabbobi ɗan Ostareliya, Ian Billinghurst, ya fitar da littafinsa a 1993 yana kira da a koma ciyar da karnuka ɗanyen nama da ƙashi, tsare-tsare iri-iri suka bazu. Wanda ya fi shahara shi ne kashi 80 tsoka, 10 ƙashi, 5 hanta, 5 sauran kayan ciki. Yana da sauƙin haddacewa, amma in aka auna shi akan tarar ya gaza a wasu sinadarai kamar zink, manganis, aidin da bitamin D da E, kuma yawan kalsiyam ɗinsa ya danganta ga wane ƙashi ka samu ranar. Wuyan kaza da ƙafar kaza da haƙarƙarin akuya ba ɗaya ba ne. A Turai da Amurka akwai kamfanonin da ke haɗa ɗanyen abinci su auna shi su daskarar. A kasuwanninmu da wuya ka same shi, in ma ka samu, wa zai tabbatar maka bai narke ya sake daskarewa a hanya ba?

Shawarata ga mai son wannan hanya ita ce ya haƙura har karen ya gama girma. In kuma ya dage, ya nemi likitan dabbobi da ya san harkar abinci ya rubuta masa tsari da awo. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, nan ne wuraren da zan fara tambaya.

Ai kare cikinsa na da ƙarfi. Wace cuta ɗanyen nama zai sa masa?

Babban kare mai lafiya yakan ci nama mai ƙwayar salmonela bai nuna komai ba. Sai dai yana fitar da ita a kashinsa, tana kuma nan a bakinsa da kwanonsa. Daga nan take isa ga yaron da ke rarrafe a tsakar gida, ko mai ciki, ko tsoho. Ɗan kwikwiyo shi kansa garkuwar jikinsa ba ta gama ƙwari ba, yana iya kamuwa da gudawa mai tsanani.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gwada samfur 196 na ɗanyen abincin dabbobi tsakanin 2010 da 2012. Ta samu salmonela a 15, listeriya a 32. Wannan fa kayan kamfani ne da ke cikin sanyi tun daga masana'anta. Yanzu ka tuna naman da ya wuni a kan teburin mahauci a watan Afrilu, zafin rana ya kai digiri 40, ƙudaje na biki a kai. A irin wannan zafi nama bai kamata ya wuce awa ɗaya a waje ba. Firiza ma ba ta kashe salmonela, kwantar da ita kawai take yi, da ƙanƙara ta narke ta farka. Ga kuma wutar da ke ɗaukewa ta bar firiji ya zama kabad.

Ni a gidana na daina ba da shi ɗanye. Ina yanka shi ƙanana, in jefa a tafasasshen ruwa ba gishiri ba magi har cikinsa ya daina ja, in bar shi ya huce, in zuba har da romon a kan busasshen. Ban ga abin da suka rasa ba, kuma ƙamshin romon ya fi sa su rawar jiki. Wanda ya nace sai ɗanye, to ya keɓe masa wuƙa da katako, ya ɗauke kwanon bayan minti ashirin ya wanke da ruwan zafi da sabulu, ya kwashe kashin karen kullum, kuma kada ya bari ya lashi yara.

Lokacin layya kayan ciki kan yi yawa. Zan iya jefa masa huhu da hanta?

Nan zan ɗan tsaya, domin wannan ya shafi mutanen gida fiye da karen. Duk wanda ya saba feɗe rago ya taɓa cin karo da hanta ko huhu mai wani ƙullutu cike da ruwa, kamar ƙaramar balam-balam. Abin da aka saba yi shi ne a yanke wurin a wurga wa kare. Wannan ƙullutu gidan 'ya'yan wata ƙaramar tsila ce mai suna Echinococcus, ana samun sa a tumaki, awaki, shanu da raƙuma. In kare ya ci shi ɗanye, tsilar takan girma a hanjinsa ba tare da ya nuna alamar ciwo ba, ƙwayayenta su riƙa fita a kashinsa, su maƙale a gashinsa, su shiga ƙasa da ganye. Mutumin da ya haɗiye su, irin wannan ƙullutun ne zai tsiro masa a hanta ko huhu, ya yi shekaru yana girma shiru, sau da yawa sai an yi tiyata.

Don haka duk kayan cikin da ka ga ƙullutu a jikinsa, ka ƙone shi ko ka binne shi da zurfi inda kare ba zai tono ba. Masu kyan kuma a dafa su sosai. Hanta ko lafiyayya ce a yi ta kaɗan-kaɗan, domin bitamin A ɗinta yana da yawa, yana taruwa a jiki, kuma tana saurin kawo zawo. Ka tambayi likita maganin tsutsa mai praziquantel, shi ne ke kashe tsila, ba kowane maganin tsutsa ba ne ke yi.

Wani mai gidan gona yana ba ni kajin da suka mutu kyauta.

Ka gode masa ka bar masa abinsa. Ba ka san abin da ya kashe su ba. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a jihar Kaduna a 2006, tana kuma dawowa lokaci zuwa lokaci, kuma tana kama dabbobin da suka ci naman ɗanye. Haka mushen saniya ko tunkiya da ta faɗi farat ɗaya. A 2023 an tabbatar da cutar antaraks, mai kashe dabba farat ɗaya, a wata gona a Suleja.

Ƙashin da zai gwigwiya fa?

Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya yi tsini, yana iya huda hanji ko ya tokare maƙogwaro. Wannan babu shi ko kaɗan. Ɗanyen ƙashin ƙafar saniya kuma yana da tauri ƙwarai, shi ke fasa turamen haƙora, ɓargonsa kuma kitse ne zalla. Tsakanin wata uku zuwa bakwai, lokacin da yake famfara, dasashinsa na ƙaiƙayi, zai tauna duk abin da ya samu, har takalmin baƙo. Abin taunawa na roba mai ƙwari ya wadatar. In ka ba shi ƙashi mai laushi irin wuyan kaza a kai a kai, ka sani kalsiyam kake ƙara masa a kan wanda ke buhu, mun koma maganar baya. Kashi fari mai tauri da ke farfashewa kamar alli alama ce ƙashi ya yi yawa.

Wane buhu zan saya, kuma yaya zan ajiye shi?

Ka juya bayan buhun ka nemi inda aka rubuta cewa cikakken abinci ne domin girma. In karenka babban jinsi ne, ka tabbatar an ambaci girman manyan karnuka. Furotin bai kamata ya gaza kashi 22.5 cikin 100 ba bisa ma'aunin AAFCO, na babban kare kuwa 18 ne, shi ya sa abincin manya ba ya isar mai girma. Ka duba ranar lalacewa.

Ina guje wa wanda ake sayarwa a buɗe ana aunawa da mudu. Ba ka san sunansa ba, ba ka san yaushe aka farke buhun ba. Araha ba ta ado. Yawancin busasshen abinci akwai masara a ciki, in ya sha danshi fumfuna kan kama shi, wata fumfunar kuma tana fitar da gubar afalatokzin mai lalata hanta. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 karnuka sama da 100 suka mutu a Amurka ta wannan hanya. Da damina musamman, ka ɗora buhun a kan katako, ka naɗe bakinsa, ka saka shi a bokiti mai murfi. Ka sayi wanda zai ƙare cikin wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan buɗewa. In ka ji yana warin tsohon mai, ko ka ga ya dunƙule, zubar.

Sau nawa zai ci a rana?

Daga mako takwas zuwa wata uku, sau huɗu. Zuwa wata shida, sau uku. Bayan nan sau biyu. Ƙanana a jiƙa musu da ruwan ɗumi ya yi laushi, amma abin da aka jiƙa ba ya jira, abin da ya rage a zubar. Sabon abu kuma, ko nama ne ko sabon buhu, a shigar da shi sannu a hankali cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, iri ɗaya a lokaci guda, domin in ciki ya ɓaci ka san mai laifi. Ruwan sha a inuwa kullum.

Na fara ba shi nama sai ga gudawa. In daina?

In kashin ya ɗan yi laushi ne kawai, yana wasa, yana cin abinci, ka janye naman kwana biyu ka sake farawa da ƙasa da haka. Amma in akwai amai, ko jini a gudawar mai wari ƙwarai, ko ya kwanta ya ƙi ci, kada ka ɗora wa nama laifi ka zauna jira. Alamun cutar fabo ke nan, tana iya kashe ɗan kwikwiyo cikin kwana biyu ko uku, kuma Rottweiler na cikin jinsin da ta fi yi wa illa. Allurar riga-kafinta ana farawa ne daga mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa har mako goma sha shida. Ta haukan kare kuma a wata uku.

Ina so ya yi girma da sauri ya cika ido. Me zan ƙara?

Iyakar girman kare a jininsa take, abinci ba ya ƙara ta. Abin da yawan abinci ke yi shi ne ya ɗora nauyi a kan gaɓoɓin da ba su nuna ba. An bi karnuka 48 jinsin Labrador tun suna mako takwas har ƙarshen rayuwarsu, rabi ana ba su abincin da ya gaza na 'yan'uwansu da kashi 25 cikin 100. Sakamakon da aka fitar a 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa sun kai kimanin shekara 13, sauran kuwa 11 da 'yan watanni, kuma ciwon gaɓoɓi ya jinkirta kama na farkon.

Ka shafa gefensa. Ya kamata ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin tafin hannunka ba tare da ka danna ba, in kuma ka dube shi ta sama ka ga ƙugu ya ɗan shiga. Baƙi za su ce maka karenka ya rame. Ƙyale su.

Ragowar abincin gida fa?

Farar shinkafa, dafaffen dankali ko kabewa, dafaffen ƙwai, duk ba laifi, amma suna cikin kashi goman nan, ba ƙari a kansa ba. Miya kuwa a'a, domin albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafaffu ko ɗanyu. Tsire da kilishi ma haka, saboda yaji da gishiri, ga tsinken tsire da yakan haɗiye. Cakulan, inabi da goro guba ne gare shi, a kula da inda kaka ke ajiye ƙullin goronta. Madarar shanu takan sa zawo bayan yaye.

Yaushe zan mayar da shi abincin manya?

Sai ya daina tsawo. Ƙananan jinsi wajen wata tara zuwa goma sha biyu. Karen gida namu da matsakaita, wajen shekara. Alseshiyan da Rottweiler daga shekara zuwa shekara ɗaya da rabi. Boerboel da Kokeshiyan kuwa suna iya kaiwa shekara biyu ƙashinsu bai gama rufewa ba, ko da a ido sun zama ƙarti. Ka riƙa auna shi duk wata kana rubutawa, ka ɗauke shi ka hau sikeli ka cire nauyinka, in ya fi ƙarfin ɗauka a kai shi sikelin asibitin dabbobi. In ka ga wata biyu zuwa uku awon bai motsa ba, kai takardar wurin likita ku tsayar da ranar sauyin tare.